Kufai a Cikin Gona

Ƴan uwa manoma da makiyaya, duk wanda ya taɓa shiga mota daga Maradi zuwa Damagaram ya san Tasawa. Mota na tsayawa tasha. A sayi kilishi, a sha ruwa, a wuce. Gaba kaɗan wajen gabas mota na ratsa Maijirgi. Nan ba a tsayawa sai in akwai mai sauka. Amma a ƙasar Tasawa da ta Mayahi akwai wuraren da suka girmi hanyar kwalta. Sun girmi gwamnati, sun girmi zuwan Nasara. Mafi yawansu ba gini ba ne. Kufai ne, da tsohuwar rijiya, da kuka, da ramin marina, da tudun ganuwa da ruwan sama ya cinye. Suna cikin gonakin mutane, suna bakin burtali. Ba su da mai gadi sai mai gonar.

Wannan labarin ɗaya daga cikin masu gonakin nan ne. Dattijo ne, ya haura shekara 70. Garinsu ƙauye ne ƙarami, kudu da hanyar kwalta, tafiyar hantsi daga Tasawa a kan amalanke. Bai shiga lakwal ba. Yana saurayi aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a garinsu. Ya shiga, ya koyi karatu da dare a gaban fitila. Abin da ya kai shi ɗaya ne: ya iya karanta sikeli ranar sayar da gujiya, kada a cuce shi. Ya kuwa iya. Bayan farin 1973 noman gujiya ya ja baya a ƙasar, amma karatun ya zauna masa.

A ƙarshen gonarsa ta gabas akwai tudu. Kuka uku ke tsaye a kansa. Kusa da su akwai rijiya da ta rufta, sai bakinta ake gani. In an yi ruwa mai ƙarfi, tsingaro na fitowa fili, da dutsen niƙa, da kashin maƙera baƙi ƙirin. Kowane manomi ya san ƙasar kufai. Tana da toka da tsohon taki, hatsi na son ta. Duk da haka uban dattijon bai taɓa shuka wani yanki na tudun ba. Ya ce nan ne makabartar mutanen da. Da ya rasu, ɗan ya bar wurin yadda ya same shi.

Kakarsa ce ta gaya masa abin da ya tada garin. Tana yarinya ƙarama lokacin. Ba ta san shekara da lissafin boko ba. Abin da take cewa, ana cikin noman fari aka ji Nasara masu ƙone gari sun matso. Aka ɗauki yara, aka kora awaki, aka shiga daji. Waɗanda ba su iya gudu ba aka bar su. An kwana uku a daji ana cin ganye. Da aka dawo, rumbuna sun zama toka. Rijiya ba ta shawuwa, kuma kowa ya san abin da ke cikinta. Ba a sake kwana a garin ba. Wasu suka matsa yamma kaɗan suka gina sabuwar rijiya, su ne ƙauyen da ke nan yau. Wasu suka yi arewa, wajen Gulbin Kaba.

Yana yaro ya ɗauki maganar kamar tatsuniya. Tsohuwa ce ke faɗi da dare, yara na gyangyaɗi. Sai da ya girma ya ji a rediyo, ya kuma tambayi malaman lakwal, ya gane abin ya faru, kuma yana da rana da wata.

Ga yadda aka yi. A 1898 gwamnatin Faransa ta turo rundunar soji daga yamma, daga ƙasar da ake kira Mali yanzu. An ce su tafi har Tabkin Cadi. Shugabanninsu kaftin biyu ne, Voulet da Chanoine. Ana faɗin sunayen kamar Bule da Shanwan. Turawa kaɗan ne cikin tafiyar. Sauran baƙar fata ne: soji, da ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da matan da aka kwaso a hanya. Sun fi mutum 1000. Taro irin wannan na son abinci da ruwa kullum, su kuwa ba su zo da guzurin da zai ishe su ba. Duk garin da suka sauka sai su fasa rumbu, su kore bisashe, su ƙafar da rijiya. Garin da ya ƙi, su sa masa wuta.

A watan Afrilu na 1899 suka yi faɗa da Sarauniya a Lugu. A watan Mayu suka fasa Birnin Ƙonni, suka kashe mutane masu yawan gaske. Suka biyo ta ƙasar Gobir da ta Maradi, suka iso ƙasar Tasawa damana ta riga ta faɗi. Labarin ɓarnar ya kai Faransa, domin wani hafsa da aka kora daga cikinsu ya rubuta wasiƙa gida. Sai aka turo kanar Klobb ya bi sawunsu ya tsaida su. Klobb bai sha wuyar neman hanya ba, toka da gawa suka nuna masa. Ya rubuta abin da ya gani: garuruwa ƙonannu, rijiyoyi da gawa a ciki, da ƴan mata rataye ga itace a Koran Kalgo. Ran 14 ga Yuli ya cim musu a Ɗankori. Voulet ya sa aka buɗe masa wuta, ya mutu nan take. Voulet ya tara mutanensa ya ce shi ya bar Faransa, zai kafa ƙasar kansa. Abin bai daɗe ba. Sojinsu suka juya musu. Suka harbe Chanoine ran 16, suka harbe Voulet ran 17. Aka binne su a Maijirgi. Sauran rundunar ba ta koma gida ba. Ta wuce gabas, ta ci Damagaram a ƙarshen watan.

A lura da wannan. A Faransa an ce mutanen biyu hauka ce ta kama su, wai zafin ƙasar ne ya taɓa musu kai. Amma ƙasar da suka bi da wuta ba a maida ta ga masu ita ba. An riƙe ta har 1960.

Kaburburan biyu suna nan a Maijirgi. An san wurinsu, baƙi na zuwa kallo. An ma rubuta cewa a 1923 wani kwamandan na Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka tone su, aka tarar ba kowa ciki. Daga nan ne zance ya yaɗu wai Voulet bai mutu ba. Ko da gawa ko babu, wurin na da suna a littafi, yana da alama a ƙasa. Mutanen da suka kashe ba su da ko ɗaya.

Dattijon ya je wurin sau ɗaya da jikansa, ɗan kwaleji. Yaron ya tsaya yana kallo, ransa ya ɓaci.

Ya ce: “Kaka, don me aka bar wannan? Mutanen da suka ƙone mu ne ke da kabari mai alama. Ai kamata ya yi a fasa shi, a shuka wake a wurin.”

Tsohon ya ce: “Kai maigida, zauna. In an fasa, gobe wani ya zo ya ce ba a yi ba, me za ka nuna masa? Ɓarawo ya yar da takalminsa a ƙofar rumbunka, kai kuma ka jefa shi rijiya?”

Yaron ya ce: “To namu fa?”

Tsohon bai ba shi amsa ba. Sun hau mota sun koma gida. A wannan mako ya sayi kaye da bik a kasuwar Tasawa ta ran Lahadi.

Dattijon na da gaskiya a nan. Fushi ba ya gyara tarihi. Abin da ya ɓace shi ne sunayen waɗanda aka kashe da na garuruwan da aka tada. Wannan ne aikin da ya rage, kuma ba Bature ne zai zo ya yi shi ba.

Da ya fara tambaya, sai ya ga tarihin ƙasar bai fara da wutar 1899 ba. Tasawa tsohon gari ne na ƙasar Katsina. Wajen 1807 mutanen jihadi suka ci birnin Katsina. Sarakunan Haɓe suka yi arewa. Bayan ƴan shekaru Ɗan Ƙasawa ya kafa mulkinsu a Maradi. Daga nan aka yi shekaru masu yawa ana kai hari tsakanin Katsina ta kudu da ta arewa. Shi ya sa garuruwan da suke kewaye kansu da kafi ko ganuwa, da rami a bayanta. Doguwar ƙasar nan mai ɗan tudu da wani manomi ke tsallakewa da hauya, yana cewa jigawa ce, wani lokaci ganuwar kakanninsa ce.

Akwai baƙon da ya ga Tasawa da idonsa a wancan zamani, ya rubuta. Sunansa Heinrich Barth. Bajamushe ne, gwamnatin Ingila ta aiko shi. Yana kiran kansa Abdulkarim. Ya biyo ayarin gishiri na Azbinawa, ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851, wato shekara 48 kafin Voulet. Garin ya yi masa daɗi. Ya ga gidaje da darni da itatuwan inuwa, ya ga kasuwa cike. Ya ga ana sayar da soyayyar fara a ƙwarya, ya ɗanɗana tuwon magariya. A gidan wani attajiri ya ga ana ƙirga kuɗin wuri biyar biyar, har wuri 500,000. Daga Tasawa ya bi ta Gazawa, wadda ya tarar da kafi mai ƙarfi da rami kewaye da ita, ya wuce Katsina da Kano.

Mushen jikan ne ya karanta wa dattijon wannan, yana juya masa da Hausa. Da aka zo wajen fara, tsohon ya yi dariya. Ya ce ashe Bature ya sha tafiyar wata da watanni ya zo ya ga abin da ake sayarwa a tasha har yau. Amma zancen wuri ya sa shi shiru. Yana yaro sun sha tsintar wuri a kufai suna wasa da shi. Bai taɓa kawowa a ransa cewa jarin wani ne ba.

Ayarin nan shi ne arzikin garin a da. Raƙuma na saukowa da gishirin Bilma da dabino. Suna komawa da hatsi da tufafi. Inda ayari ke sauka shi ne zango, inda yake shan ruwa ita ce rijiyar da kowa ya sani. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 rikicin sarauta ya fitar da Sarkin Katsina Mijinyawa daga Maradi, ya zo ya zauna Tasawa. Nasara suka same shi nan. Suka kafa bariki, Tasawa ta zama mazaunin babban kwamanda. A 1927 aka ɗauke babban barikin aka kai Maradi. Daga nan Maradi ta yi gaba. Ita ma ba ta tsira da tsohon garinta ba. Ambaliyar 1945 ta rushe Maradi ta cikin gulbi, aka hau tudu aka sake gini. Fada na nan a Tasawa, ana buga tambari, ana hawan salla. Amma gidajen ƙasa na da suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mai gida ya samu kuɗi, ya rushe soro ya zuba siminti. Ba a zarge shi ba, kowa na son ɗakin da ba ya yoyo.

Ginin ƙasa ba ya mutuwa don tsufa. Rashin yaɓe ke kashe shi. Hasumiyar masallacin Agadas ta ƙasa ce, tsawonta mita 27, kuma tana tsaye domin ana yi mata yaɓe. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya. A Daura ana kai baƙo ya ga rijiyar Kusugu. A Katsina ana nuna masa Gobarau. Ba domin ƙasarsu ta fi ta Tasawa kyau ba. An dai samu masu kula ne.

Dattijon na da aboki Bafillace. Shekara fiye da 30 ke nan yana sauka gonarsa bayan girbi. Shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba da damin hatsi, matan ruga su kawo nono. Da ya ji zancen kaye, sai ya ce: “Aboki, ku masu gona kun san gari ɗaya. Mu mun san hanya.” Ya fara jero masa rijiyoyi tun daga iyakar Najeriya har arewacin Mayahi. Kowace da sunanta. Wata sunan wanda ya gina ta, wata sunan itacen da ke kanta, wata sunan abin da ya faru a wurin. Ya san wadda ruwanta ke da kanwa. Ya san wadda igiya ta ci bakin itacenta har ya yi zurfi kamar an sassaƙa. Ya ce in ka ga irin wannan zane a bakin rijiya, ka san hannu nawa ya ja guga a nan kafin a haife ka. Dare biyu suka yi, ɗaya na faɗi ɗaya na rubutu.

Shi ne ya tuna masa da Gulbin Kaba. Gulbin ya fito daga Najeriya ya yi arewa, ya bi ta Kanambakashe da Mayahi, sa'an nan ya juya yamma. Ruwa ba ya gudu a cikinsa kamar da. Sunansa daga kaba ya samo shi, wato ganyen ƙaramar goriba. Da ita mata ke saƙa tabarma da faifai, maza ke tufka igiya. Gidaje da yawa da kuɗin kaba suke sayen gishiri da magani. Amma kabar da ake yanka kullum ba ta zama goriba. In aka sare manya, aka hana ƙanana tashi, wata rana yaro zai tambayi dalilin sunan. Bafillacen ya ce yana yaro akwai wurin da saniya ke ɓacewa cikin goriba a yini ana nema. Yanzu daga wannan gefe kana hangen wancan. Abin da ke ba da ƙarfin gwiwa, manoman ƙasar Maradi sun koyi barin toho a gona tun daga shekarun 1980. Gawo da kalgo da sabara sun dawo a gonaki da yawa. Abin da aka yi wa gawo ana iya yi wa goriba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen tsofaffi ne marar amfani. Tun 1993 Nijar na da dokar ƙasar karkara, kuma akwai kwamitocin da ke duba rikicin gona da burtali. In rigima ta tashi, me ake tambaya? Wa ya fara sassabe nan? Wa ya gina rijiyar? Ta ina shanu ke bi tun zamanin kakanni? Mai takarda ya kawo takarda. Wanda ba shi da ita, shaidarsa kuka ce, da gamba ta iyaka, da kufai, da tsohon da ya san labarinsu. Manomin da ya share kufan kakansa ya share shaidarsa. Makiyayin da ya mance sunan rijiyoyi zai rasa abin faɗi ranar da aka shuke masa hanya.

Rigimar dattijon ba daga waje ta zo ba. Daga cikin gida ta taso. Yana da ƴaƴa maza biyar, huɗu na da iyali. Gonar da ubansa ya noma shi kaɗai, yau baki fiye da 30 ke ci daga cikinta. Babban ɗan ya sayi garmar shanu. Wata rana da bazara ya zo ya durƙusa.

Ya ce: “Baba, ina son magana. Wurin can na gindin kuka, shekara da shekaru yana zaune. In an shuka zai ba da dami 15, ko ya fi. Bara tun watan bakwai rumbu ya ƙare. Matattu ba su cin tuwo, Baba. Yara ke ci.”

Uban ya ce: “Na ji, ɗana. Uwar kakata na kwance a wurin.”

Ɗan ya ce: “Allah ya jiƙanta. Amma mu ba mu san ta ba.”

Kada a yi saurin zagin ɗan. Wanda ya taɓa auna hatsi da tiya a kasuwa cikin watan Agusta ya san dami 15 ba wasa ba ne. Shi ma uban ya sani. Ya ga yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari. Ya ji labarin Kakalaba ta 1913 da 1914 daga bakin waɗanda suka gan ta. Mutumin da ya ga haka ba ya raina hatsi. Shi ya sa maganar ta yi masa nauyi. Kwana da kwanaki ba ya cin tuwo sosai.

Ana cikin haka sai wani abu ya ƙara dagula lamarin. Yara na haƙar ɓera a gefen tudun suka tono tukunya, ba ta fashe ba. A ciki akwai duwatsun wuya da munduwa ta jan ƙarfe. Labari ya kai kasuwa. Bayan kwana kaɗan wani baƙo ya zo a kan babur. Ya yi gaisuwa mai kyau. Ya ce zai ba da jika 20, kuma in an bar shi ya haƙa wurin zai ƙara. Ƴaƴan suka dubi ubansu.

Irin wannan ciniki ya taɓa cin wani wuri a ƙasar nan. A Bura, can yamma wajen Tera, an gano tsohuwar makabarta a 1975. A 1983 masanin Nijar Boubé Gado ya yi haƙa a wurin da ilimi. Aka samu tukwane da mutum-mutumi na yumɓu, har da mahayin doki. Da labarin ya kai Turai, ƴan kasuwa suka shigo. Talakawa suka yi ta haƙa suna sayarwa da araha. Kayan suka tafi gidajen masu kuɗi a ƙasashen waje. Wuraren suka zama ramuka. Tukunyar da aka cire daga inda take ba ta iya faɗin komai kuma. Masani na gane shekarunta ne daga zurfin da take, da gawayi da ƙashin da ke kusa da ita. In an tumɓuke ta, saura ado kawai. Saboda irin wannan aka yi doka ran 30 ga Yuni 1997. Ta hana haƙar wurin tarihi ba da izini ba, ta hana fitar da kayansa waje ba da izini ba. Wanda ya tsinci irin wannan abu, hukuma zai sanar.

Dattijon bai san lambar doka ba. Abin da ya ce wa baƙon shi ne, munduwar nan hannun wata ta fito, kuma bai san mai ita ta ba shi sallahun sayarwa ba. Baƙon ya ƙara jika 5. Tsohon ya ce a gai da gida.

Daga nan ya kai maganar gaban maigari, ya ce a kira ƴaƴansa da liman. Ya ce: “Ranka shi daɗe, ni na kusa. In ban raba wannan da raina ba, bayana za a raba shi da faɗa.” Aka tafi gonar gaba ɗaya. Aka taka wurin. Liman ya ce makabarta makabarta ce, ko ta wane zamani, ba a sa mata garma. Maigari ya ce amma ba duk tudun ne makabarta ba. Inda ɗakuna suke a da, ai gida ne, kuma ana noma kufan gida. A ƙarshe aka yanke haka: za a shuka yammacin tudun, da hauya, ba da garma ba, don kada a yi zurfi. Gindin kuka da bakin rijiya da makabarta za a bar su. Aka auna wurin da taki, ya kama taki 40 a tsaye, 25 a kwance. Kafin ruwa ya sauka suka sari aguwa suka dasa kewaye. Tukunyar kuma maigari ya ce a ajiye ta wurinsa, zai sanar da magajin gari.

Babban ɗan bai yi musu a gaban manya ba. Amma bai ji daɗi ba, kuma bai ɓoye ba. Yankin da aka ba shi ya ba da dami 8. Yakan ce da an ba shi duka, da bai ci bashi ba bana. Uban na jinsa. Ya san aguwa ba ta tsaida garma in mai garmar ya yi niyya. Shi ya sa ya fi dogara ga kayen.

Ga yadda yake rubutu, ko wani zai so ya yi irinsa. Kowane wuri da shafinsa. A sama sunan wurin. Sa'an nan inda yake: gabas ko yamma da wane gari, cikin gonar wane gida. Sa'an nan su wa suka zauna nan, me ya tada su, ina suka koma. A ƙasa yana sa wanda ya gaya masa, da wanda shi kuma ya ji daga bakinsa. In mutum biyu sun saɓa, yana rubuta duka biyun, ba ya zaɓa. Rubutun nasa manya ne, layin na karkacewa. Jikan na kwafewa a wani kaye, don kada gara ta ci ɗaya a rasa duka. Yanzu in za su wurin wani tsoho, yaron na ɗaukar muryarsa a salula.

A Yamai akwai masu irin wannan aiki. Gidan tarihi na ƙasa, wanda ke ɗauke da sunan Boubou Hama, an buɗe shi a 1959. Tun 1968 akwai cibiyar tattara tarihin baka, wadda ake kira CELHTO. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kan Sarauniya a 1980, aka yi fim ɗinsa a 1986. A 2020 an fitar da wani fim da ya bi sawun Voulet har Maijirgi, ya ji daga bakin jikokin waɗanda abin ya shafa. Duk wannan da amfani. Amma ma'aikacin Yamai ba zai iya taka kowace gona ba. Bai san wace kuka ce ta gari, wace ce ta daji ba. Mai gona ne ya sani, da makiyayin da ke ratsawa.

Shafin da ya fi ba dattijon wuya shi ne na kufansa. Kakarsa takan lissafa mutum bakwai da aka bari a gari ranar gudu. Takan faɗi sunansu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga awaki. Huɗu ya riƙe: wani makaho, da maƙerin garin da ya ƙi barin maƙerarsa, da wata mai jego, da uwar kakar tasa. Ya rubuta su. Ya bar layi uku ba komai.

Bafillacen ne ya kawo masa labari da kaka. Ya ce a wani ƙauye kusa da Kanambakashe akwai tsohuwa, jikar waɗanda suka yi arewa. Ta haura 90. Kunnenta ya yi nauyi, amma an ce in aka ambaci sunan tsohon garin takan ɗaga kai. Dattijon ya tambayi kuɗin mota, zuwa da dawowa, shi da jikan. Ya ce da an sayar da wake za su hau ta ranar kasuwa.